Maƙeran fari a birnin Kano

Maƙeran fari su ne masu sana'ar sarrafa azurfa da zinare da tagulla da sauran ƙarafan da ba baƙin ƙarfe ba, domin yin kayan adon mata da kayan ƙawa na sarakuna da na dawakansu. Ana kiran sana'ar ƙirar fari, don a bambanta ta da ƙirar baƙi, wadda ita ce ta masu ƙera fartanya da garma da gatari da wuƙa da ƙofar ƙarfe. A cikin tsohon birnin Kano, wato cikin ganuwa, sana'ar ta daɗe tana tafiya ta hanyar gado, tana kuma jingine da Kasuwar Kurmi da fadar Sarki da gidajen attajirai. Kayan da maƙeran fari suka ƙera a ƙarnonin baya kaɗan ne suka saura, saboda al'adar ƙasar ita ce a narkar da tsohon abu a sake zuba sabo. Don haka akasarin gadon wannan sana'a yana hannun masu yin ta ne, ba a cikin akwatunan gidan tarihi ba.

Suna da rabe-raben ƙira

Hausawa sun raba ƙira gida biyu bisa launin ƙarfen da ake bugawa. Maƙerin baƙi yana aiki da baƙin ƙarfe, wanda sai an gasa shi ya yi ja sannan a buge shi da zafinsa. Maƙerin fari yana aiki da ƙarafan da ake iya narkarwa su zama ruwa a cikin ɗan kasko, a zuba su a wani mazubi, a kuma ci gaba da bugunsu bayan sun huce. Waɗannan ƙarafa su ne azurfa, da zinare (wanda yanzu aka fi kira gwal), da jan ƙarfe, da tagulla, da kuza, da dalma, sannan daga baya goran ruwa da sanholo suka shigo. Kalmar "fari" a nan ba ta tsaya ga launi kawai ba, domin zinare da jan ƙarfe ba farare ba ne, amma duk ana lissafa su a wannan ɓangare.

Masanin Hausa ɗan Ingila, Philip Jaggar, wanda ya yi bincike a kan maƙeran birnin Kano, ya kuma wallafa littafi a kansu a 1994, ya yi amfani da wannan rabe-rabe na baƙi da fari kamar yadda ya same shi a bakin maƙeran. Littafin nasa ya fi mayar da hankali ga maƙeran baƙi. Su ne aka fi sani da sarautar Sarkin Maƙera, da kiɗan dundufa, da wasa da wuta a lokacin bukukuwa. Maƙeran fari ba su da irin wannan amo a bainar jama'a. Aikinsu na zaune ne, a zaure ko a 'yar rumfa, kuma yawancin masu kawo musu aiki mata ne, ta hannun dillaliya ko ɗan aike.

Tarihi

Alaƙar Kano da ƙarfe ta girmi sarautar garin. Binciken masu haƙar kayan tarihi ya nuna an narka tama a gindin dutsen Dala tun wajen ƙarni na 7. Labarin baka kuma yana cewa wani maƙeri mai suna Kano ne ya zo daga Gaya neman tama ya zauna a wurin, kuma ana danganta zuriyar Abagayawa da shi. Har yau akwai unguwannin da ke ɗauke da sunan sana'ar a cikin birni, kamar Tudun Maƙera da Lokon Maƙera. Sai dai wannan tushe na ƙirar baƙi ne. Tama ana samunta a ƙasar Kano, amma azurfa da jan ƙarfe sai an kawo su daga nesa. Saboda haka ƙirar fari ba ta iya bunƙasa ba sai da hanyoyin fatauci suka buɗe.

Littafin Tarihin Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara zuwa Ingilishi a 1908, ya ambaci zuwan Wangarawa daga Mali a zamanin Sarki Yaji (1349–1385), da buɗewar hanya tsakanin Barno da Gwanja a zamanin Abdullahi Burja (1438–1452). Hanyar Gwanja ita ce ta goro, kuma tana kaiwa bakin ƙasar Akan mai arzikin zinare, a Ghana ta yau. Sarki Muhammadu Rumfa (1463–1499) shi ne ya kafa Kasuwar Kurmi, ya gina fadar da ake kira Gidan Rumfa, kuma a zamaninsa ne littafin ya ce aka fara busa kakaki. Kakaki doguwar ƙaho ce ta ƙarfe da ake yi da fallen tagulla ko jan ƙarfe a naɗe a liƙe, aikin da ke buƙatar gwanin ƙirar fari, ko don yi ko don gyara.

Shaida mafi ƙarfi a kan irin adon da manyan ƙasar Hausa suke sawa a wancan zamani ta fito ne daga maƙwabciyar Kano, wato Katsina. A Durɓi ta Kusheyi, kusa da Mani, an tona wasu kaburburan sarauta a 1992, aka sami zobe da 'yan kunne da abin wuya na zinare, tare da mundaye da kwanon ƙarfe mai rubutun Larabci. An kai kayan birnin Mainz na Jamus aka gyara su, kuma masana sun sanya shekarun kaburburan tsakanin ƙarni na 13 da na 16. An nuna wasu daga cikinsu a Amurka a 2019, a wani baje kolin da aka yi kan cinikin zinare ta hamadar Sahara. Waɗannan kaya sun tsira ne don an binne su tare da masu su. Bayan Musulunci ya kafu an daina binne mamaci da dukiya, sai kayan ado suka koma cikin gadon da ake rabawa, kuma abin da za a raba tsakanin magada da yawa ƙarshensa sikeli ne da kasko.

Abin da Barth ya gani a 1851

Bajamushen nan matafiyi, Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya shigo Kano a watan Fabrairu na 1851, ya kuma rubuta bayani mai tsawo a kan kasuwancinta. Ya ce azurfa kaɗan ce fatake ke shigowa da ita, amma duk da haka akwai masu aikinta, kuma gwanaye ne wajen yin zobba da mundayen ƙafa. Ya lura cewa sau da yawa masu aikin azurfar su ne dai maƙeran baƙin, abin da ke nuna cewa a lokacin rabuwar sana'o'in biyu ba ta yi tsauri ba. Game da jan ƙarfe, ya ce ana kawo tsofaffin kayansa daga Tarabulus, wani kuma fataken Wadai ke kawowa daga mahaƙar Hufra da ke kudu da Darfur.

Barth ya ba da farashi da kuɗin wuri. Miskalin zinare ɗaya yana kan wuri 4,000, dalar azurfa ta Turai kuma wuri 2,500. Miskali bai wuce giram 4 da 'yan kai ba, ita kuwa dalar tana ɗauke da azurfa zalla fiye da giram 23. Idan aka yi lissafi sama-sama, giram ɗin zinare a Kano ya ninka na azurfa kusan sau 9 ne kawai, alhali a Faransa a lokacin doka ta sanya shi sau 15 da rabi. Ma'ana, azurfa ta fi daraja a Kano fiye da yadda take a Turai. Wannan yana daga cikin dalilan da suka sa matar da ta mallaki mundayen azurfa a wancan zamani take da abin tinƙaho na gaske.

Kuɗin azurfa a matsayin kayan aiki

Tunda ba a haƙar azurfa a ƙasar Hausa, maƙerin fari ya dogara ne da kuɗin ƙasashen waje. Mafi shahara a cikinsu ita ce dalar Mariya Teresa ta Ostiriya, wadda Hausawa ke kira liyar. Sarauniyar ta rasu a 1780, amma aka ci gaba da buga kuɗin da hotonta da wannan shekara ba canji, saboda mutanen Larabawa da Habasha da Sudan sun yarda da shi. Nauyinta giram 28 ne, kuma kashi 83 cikin 100 azurfa ce, sauran jan ƙarfe. Wannan tabbas na nauyi da gauraye shi ne amfaninta ga maƙeri. Idan mace ta kawo liyar 10 a yi mata munduwa, ita da maƙerin duka sun san abin da ya shiga kasko, sun kuma san nauyin da ya kamata ya fito.

Turawan Ingila sun ci Kano a watan Fabrairu na 1903, jirgin ƙasa kuma ya iso a 1911. Cinikin gyaɗa da ya biyo baya ya cika ƙasar da sulalla. Hukumar kuɗi ta Afirka ta Yamma, wadda aka kafa a 1912, ta fara buga sule da sisi da fataka na azurfa mai kyau daga 1913. Manoma da 'yan kasuwa suka riƙa ɓoye su, mata suka riƙa huda su suna ratayawa ko a ɗora su a kan zobe, maƙera kuma suka riƙa narkar da su. Da farashin azurfa ya tashi bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, sai a 1920 hukumar ta koma buga kuɗin da gaurayen tagulla. Daga nan tsofaffin sulallan azurfa suka zama haja, ana neman su ana saye fiye da darajar da aka rubuta a jikinsu.

A wannan zamani ne kuma Hanns Vischer, wanda ake kira Ɗan Hausa, ya buɗe makarantun Nassarawa a wajen ganuwa a 1909, cikinsu har da sashen koyar da sana'o'in hannu kamar ƙira da dukanci da sassaƙa. A shekarun 1930 an yi rububin haƙar zinare a yankunan Minna da Birnin Gwari da Zamfara, gwamnatin mulkin mallaka kuma ta kafa dokokin da suka wajabta wa masu cinikin zinare da masu ƙera shi yankar lasisi.

Kayan aiki da yadda ake ƙira

Maƙerar fari ba ta cin wuri. Akwai ɗan ramin wuta da gawayi, da zugazugin fatar akuya, da 'yar uwar maƙera da ake kafawa a kututture, da guduma ƙanana da manya, da awartaki, da hantsaki, da magagari iri-iri, da kurfi da madoshi na yin zane, da kaskon narkarwa na yumɓu, da sikeli. A yau da yawa sun maye gurbin zugazugi da fanka mai juyawa da hannu ko fitilar gas, wasu kuma sun sayi injin murza ƙarfe. Azurfa tana narkewa a zafin digiri 962, zinare a 1,064, jan ƙarfe a 1,085 a ma'aunin Salshiyos, kuma gawayi mai kyau da zuga mai ƙarfi suna kaiwa nan. Maƙerin gargajiya ba shi da ma'aunin zafi. Launin wutar da yadda ruwan ƙarfen ke juyawa a kasko su ne ma'auninsa.

Hanya ta farko ita ce bugu. Ana zuba narkakken ƙarfe ya zama ɗan sanda, sannan a yi ta bugunsa har ya miƙe ko ya zama falle. Azurfa tana taurare idan ta sha guduma, kuma in aka matsa mata sai ta tsage. Don haka ake mayar da ita wuta lokaci-lokaci har ta yi ja-ja, a tsoma a ruwa, ta yi laushi a ci gaba. Wannan akasin ƙarfen wuƙa ne, wanda tsomawa a ruwa ke ƙara masa tauri. Yaron da ya taso a maƙerar baƙi, idan ya koma ta fari, sai ya sake koyon halin ƙarfe daga farko.

Hanya ta biyu ita ce zubi da kakin zuma. Maƙeri yana fara siffanta abin da yake so da kaki, har da duk ƙananan adonsa. Sai ya shafe shi da laka mai laushi, ya ƙara wata mai kauri da aka kwaɓa da kashin jaki ko na doki, ya bar 'yar ƙofa. In ta bushe sai a gasa, kakin ya narke ya fita, ya bar gurbinsa. A zuba ruwan ƙarfe a gurbin, a bari ya huce, a fasa lakar. Tunda dole a fasa mazubin kafin a ciro abin, kowane zubi guda ɗaya ne tak, ba a samun biyu da suka yi daidai ta kowace fuska. Idan iska ta maƙale a ciki ko ƙarfen ya daskare kafin ya cika gurbin, aikin kwana da kwanaki ya tashi a banza, sai a mayar da shi kasko.

Hanya ta uku, wadda ta fi cin ido da haƙuri, ita ce aikin waya. Ana jan sandan azurfa ko zinare ta cikin hudojin wani farantin ƙarfe, daga babbar huda zuwa ƙarama, har ya zama siriri kamar zare. Da wannan waya ake saƙa sarƙa, ana naɗa ta a jikin tsinke, a yanka zobba ƙanana, a sarƙafa su ɗaya bayan ɗaya, a liƙe bakin kowanne. Da ita kuma ake murɗa zane mai kama da saƙar gizo a jikin 'yan kunne da abin wuya, a ɗiga musu ƙananan ƙwayoyi. Liƙin shi ne wurin da ake gane gwani. Abin liƙin gauraye ne da ke narkewa kafin ainihin ƙarfen, kuma tazarar da ke tsakaninsu kaɗan ce. In wuta ta ɗan wuce, duk aikin sai ya dunƙule. Kalmar sinadari, wadda yanzu ake amfani da ita a kimiyya da girki, a tsofaffin ƙamusun Hausa sunan abin da maƙera ke sawa ne wajen wannan liƙi.

Bayan an gama, abin yakan fito baƙi da hayaƙi. Ana dafa shi a ruwan tsamiya ko na lemon tsami da alif, a goge da yashi mai laushi ko toka, a murza shi da santsin ƙarfe har ya yi ƙyalli. Maƙerin zinare ba ya zubar da sharar shagonsa. Yana tara ƙurar magagari da tokar wurin, ya wanke ya tace, domin abin da ke zubewa a shekara yana da auki.

Kayan da ake ƙerawa

Kayan mata su ne mafi yawa: zobe, da 'yan kunne da barima, da sarƙa, da awarwaro, da munduwa ta hannu da ta ƙafa. Tsofaffin mundaye suna da nauyi ƙwarai, wasu cikakku ne, wasu kuma holoƙo ne da aka yi da falle aka naɗe. Ana haɗa azurfa da murjani da tsakiya a jera su a dutsen wuya. Ana kuma yi wa laya kube na azurfa. Zanen da ake yi yawanci na layuka ne da kusurwoyi da ɗige-ɗige da dagi, irin wanda ake gani a jikin babbar riga da bangon gidajen birni. Ba a cika yin siffar mutum ko dabba ba.

Ga maza akwai zoben azurfa, wani lokaci da dutse ko hatimi. Ga sarakuna akwai adon kube na takobi, da kan sanda, da buta da tasa, da ƙarafan da ake jerawa a linzami da sirdi da goshin doki, da likkafar tagulla. Waɗannan su ne ke ƙyalli a Hawan Sallah da Hawan Daushe da Hawan Nassarawa, kuma hukumar UNESCO ta sanya hawan Kano cikin jerin al'adun duniya a watan Disamba na 2024. Sandar girma da Turawa suka riƙa ba sarakuna kuwa ba aikin gida ba ce. Ita ma dai ta bi darajar ƙarfe: mai kan azurfa ga sarki mai daraja ta ɗaya, mai kan tagulla ga na ƙasa da shi.

Addini da amana

Fiƙihun Malikiyya, wanda ake bi a Kano, ya tsara kasuwar maƙeran fari fiye da yadda ake zato. An haramta wa maza sanya zinare, an halatta musu zoben azurfa da bai wuce nauyin dirhami 2 ba, da adon takobi. An haramta ci da sha a kwanon zinare ko azurfa ga kowa. Mata kuwa an halatta musu adon zinare da na azurfa duka. Mafi ƙarancin sadaki shi ne rubu'in dinari na zinare ko dirhami 3 na azurfa. Nisabin zakka dinari 20 ne, kimanin giram 85 na zinare, ko dirhami 200, kimanin giram 595 na azurfa, amma a mazhabar babu zakka a kan kayan adon da mace ke sawa. Musayar zinare da zinare ko azurfa da azurfa dole ta kasance nauyi daidai, hannu da hannu, shi ya sa mai son canza tsohuwar sarƙa da sabuwa akan shawarce ta ta sayar da tsohuwar tukuna, ta karɓi kuɗi, sannan ta sayi sabuwa. Littafin Risala na Ibn Abi Zaid, wanda ake karantawa a zaurukan birni, ya kuma ɗora wa mai sana'a lamunin kayan da aka ba shi ya tafi da su, idan suka salwanta.

Duk waɗannan hukunce-hukunce suna komawa ga abu ɗaya, wato mai kaya ba ta ganin abin da ke faruwa a cikin kasko. Ƙara ɗan jan ƙarfe a zinare ko goran ruwa a azurfa abu ne mai sauƙi, kuma ido ba ya ganewa sai an daɗe ana sawa. Ana gwada zinare ta hanyar goga shi a baƙin dutse a ɗiga masa ruwan asid, amma mai saye ba ta da dutse ba ta da asid. Abin da take da shi shi ne sanin gidan maƙerin, da cewa uwarta da kakarta a nan suka yi aiki. Maƙerin da aka taɓa kamawa da algus ba kansa kaɗai ya ɓata ba, har 'ya'yansa.

Muhimmancin wannan ya wuce ado. A al'adar birni, kayan zinare da azurfa mallakin mace ne ita kaɗai, ko sun zo a lefe, ko iyayenta suka yi mata, ko ta saya da kuɗin adashi da sana'ar cikin gida. Su ne asusunta. Ranar rashin lafiya, ko mutuwar aure, ko auren 'ya, ko biyan kujerar Makka, su ake fitarwa. A ranar sayarwa kuwa mai saye nauyi yake biya, ba ya biyan kuɗin aiki. Wannan ne ya sa aikin da ya ci wata guda ana yi yake iya komawa ruwa cikin minti kaɗan.

Gado da koyo

Ana koyon sana'ar tun yarinta, a wurin uba ko kawu ko maigida. Yaro yana farawa da zuga da ɗebo gawayi da wanke kaya, sannan jan waya da gogewa da magagari. Ana fara ba shi jan ƙarfe da tagulla, waɗanda in ya ɓata asarar ba ta da yawa, kafin a yarda ya taɓa azurfa. Zinare shi ne na ƙarshe. Babu littafin zane, babu rubutaccen ma'aunin gauraye. Yawan jan ƙarfen da za a sa a abin liƙi, da irin lakar da ba ta tsagewa a wuta, da wurin da ake samo ta, duk a ka ake riƙe su, kuma wani gida ba ya faɗa wa wani. Hausawa na cewa kyan ɗa ya gaji ubansa, amma inda 'ya'yan suka koma wata sana'a, abin da uban ya sani yana tafiya da shi.

Maƙeran Abzin

Kano ta daɗe da hulɗa da Agadas, kuma akwai unguwar Agadasawa a cikin birni. Maƙeran Buzaye, waɗanda a harshensu ake kira inadan, sun shahara da aikin azurfa mai zanen kurfi, musamman abin wuyan nan da Turawa ke kira kuros ɗin Agadas, wanda shi ma da zubin kaki ake yin sa. Farin da aka yi a 1973 zuwa 1974, da na 1984 zuwa 1985, ya koro Buzaye da yawa zuwa biranen Arewacin Najeriya, har da Kano. A rumfunan Kurmi da ke sayar wa baƙi kayan tarihi, kayan Abzin da na Hausa da tagullar Bidda sukan cakuɗu a faranti ɗaya, mai saye kuma ba ya bambancewa. Aikin Buzaye ya sami kasuwa a Turai, har kamfanin Hermès na Faransa ya yi hulɗa da maƙeran Nijar wajen yin kan bel da wasu kayan azurfa. Aikin maƙeran Kano bai sami irin wannan suna a waje ba.

Bambanci da manyan gidajen Turai

Gidajen kayan ado irin su Tiffany, wanda aka kafa a New York a 1837, da Cartier, wanda aka kafa a Paris a 1847, suna sayar da suna ne tare da ƙarfe. Suna buga tambarinsu a jikin kaya, suna ajiye zanen kowane aiki da sunan wanda ya saya, don haka tsohon kayansu yakan fi nauyinsa tsada nesa ba kusa ba, ba wanda zai narkar da shi. A Ingila tun shekarar 1300 doka ta wajabta gwada azurfa da buga mata hatimi, kuma ofishin gwaji na Landan yana aiki tun 1478. Maƙerin Kano bai saba sa hannu a aikinsa ba, kuma babu hukumar da ke buga hatimin inganci. Tsofaffin mundayen da suka kai gidajen tarihi na Turai akasari an rubuta musu "Hausa, Arewacin Najeriya" ne kawai. Ta fuskar ƙwarewar hannu hanyoyin aikin kusan ɗaya ne, zubin kaki da jan waya da liƙi. Abin da ya raba su shi ne rubutu da tambari.

Halin da ake ciki

Tun daga shekarun 1970, lokacin da kuɗin man fetur ya yawaita kuma jirgin sama ya sauƙaƙa aikin Hajji, idon mata ya koma kan gwal ɗin Saudiyya, daga baya kuma na Dubai. Wannan gwal aikin inji ne, mara nauyi, mai ƙyalli, kuma yana zuwa da lamba a jikinsa: 750 ga mai karat 18, 875 ga mai karat 21, 916 ga mai karat 22. Lambar ta ɗauke wa mai saye buƙatar sanin maƙeri. Azurfa ta koma ta zoben maza da adon dawaki da tsarabar baƙi. Ga masu ƙaramin ƙarfi kuma akwai sarƙoƙi masu ruwan gwal daga Sin da Indiya, waɗanda ake cika akwatin lefe da su. Maƙeran fari da yawa a birni yanzu gyara ne ya fi yawa a aikinsu: liƙa sarƙar da ta tsinke, rage ko ƙara zobe, wanke gwal, gwaji, da narkar da tsofaffin kaya ga dillalai.

Tsadar ƙarfen ita ma ta matse sana'ar. Oza ɗaya ta zinare, wato giram 31.1, ta haura dalar Amurka 2,000 a 2020, ta kuma haura 4,000 a watan Oktoba na 2025, ga kuma faɗuwar darajar naira tun 2023. Ƙaramin maƙeri ba ya iya sayen zinaren da zai yi kaya ya ajiye, sai dai ya jira wanda zai kawo nasa. Tsadar tana kuma ƙara jawo tsofaffin kayan gado zuwa kasko.

Zinaren da ake haƙowa a Arewa maso Yamma, a Zamfara da Kebbi da Neja da Kaduna, yawancinsa yana fita waje ɗanye, ya dawo a matsayin sarƙar Dubai. Haƙar tasa ma ta zo da masifa, domin a 2010 gubar dalma daga niƙan duwatsun zinare ta kashe yara fiye da 400 a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na Zamfara. A watan Yuli na 2020 Babban Bankin Najeriya ya sayi sandar zinare mai nauyin kilo 12.5 da aka haƙo a cikin gida, ƙarƙashin shirin gwamnatin tarayya na tsara aikin ƙananan mahaƙa. A zamanin minista Olamilekan Adegbite kuma, ma'aikatar ma'adinai ta zaɓi Kano a matsayin wurin gina kasuwar zinare ta yankin, da nufin a riƙa sarrafa shi a gida. Ganuwar Kano da dutsen Dala da Kasuwar Kurmi da Gidan Rumfa suna cikin jerin wuraren da Najeriya ta miƙa wa UNESCO tun 2007 don neman a sanya su cikin wuraren tarihi na duniya, kuma ana iya ganin samfurin tsofaffin kayan sana'o'in birni a gidan tarihi na Gidan Makama da na Gidan Ɗan Hausa.